In Mutum Ya Faɗi a Gabanmu, Me Za Mu Gaya wa Likita?

Jawabi ga dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata na Talata Mafara, Bakura da Maradun

Sannunku da hanya, musamman waɗanda suka taso daga ƙauyukan Maradun da na Bakura. Mun san yadda tafiya take a wannan zamani, mun kuma gode wa Allah da ya kawo ku lafiya.

An ba mu wannan lokaci domin mu yi magana a kan ciwon kai da suma. Wataƙila wani zai ce, ina ruwan fasto da aikin likita? Amma ku dattawa kun san amsar. In ciwo ya tashi da tsakar dare a gidan mai bi, ƙofar dattijo ko ta fasto ake fara bugawa. In mutum ya yanke jiki ya faɗi ana cikin sujada, mu ne a tsaye a kansa. Ba za mu koya wa kowa rubuta magani ba yau. Abin da muka kawo, mun tattaro shi ne daga zama da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, da kuma shekarun da muka yi muna raka marasa lafiya asibiti.

Bari mu fara da abin da ya faru a gabanmu. Wata Lahadi cikin watan Afrilu, lokacin da kwanon majami'a yake zafi kamar tanda, wata budurwa cikin ƙungiyar mawaƙa ta faɗi ana tsakiyar waƙa. Muka ɗauke ta zuwa asibiti, mu biyar. Kafin mu isa ta farfaɗo, tana ta jin kunya. Likita ya duba ta, sai ya juyo gare mu ya ce, wa ya ga faɗuwarta? Dukanmu muka ce mun gani. Ya ce to, minti nawa ta yi ba ta cikin hayyacinta? Ɗaya ya ce rabin awa, wani ya ce minti goma. Ya tambaya ko jikinta ya sandare, ko ta yi jijjiga, ko idonta a buɗe yake. Muka tsaya muna kallon juna. Ashe mun yi ta ihu da addu'a da yayyafa ruwa, amma ba wanda ya duba da kyau. Wata tsohuwa 'yar zumunta ce ta cece mu. Ta ce, "Likita, ni ina bayanta. Na ga tana share gumi, ta dafa benci, sa'an nan ta sulale a hankali. Kafin a gama baitin da ake rerawa ta buɗe ido, ta kira ni Mama." Likita ya ce wannan bayani ya fi masa amfani fiye da dukan abin da muka faɗa. Aka auna jininta aka tarar ya yi ƙasa, ga shi ba ta karya kumallo ba. Suma ce kawai. Amma kafin mu koma gida labari ya riga ya zaga cewa yarinyar tana da farfaɗiya, har gidan saurayin da ke nemanta suka fara ja da baya. Mun sha wahala kafin maganar ta mutu.

Tun daga ranar muka gane wani abu. Yawancin lokaci, kafin a kai wanda ya suma gaban likita, abin ya riga ya wuce. Shi mai ciwon bai san abin da ya faru ba. Sau da dama a gwada shi a ga komai daidai. Na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, da wadda ake manna wayoyi a kai domin a ga yadda ƙwaƙwalwa take aiki, sai an nufi manyan asibitoci irin na Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ko a can ɗin ma, labarin wanda ya gani da ido shi ne tushen binciken. To, su wa suke gani da ido? Mu ne.

Likita yakan so ya san abu uku: abin da ya faru kafin faɗuwar, da lokacinta, da bayanta. Kafin faɗuwa, mutumin yana tsaye ne, ko zaune, ko kwance? Ya daɗe a rana? Ya ci abinci? Mai suma ta yau da kullum yakan ji alama tukuna: jiri, gumi, tashin zuciya, ido ya yi duhu, kunne ya toshe. Jini ne bai kai ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba na ɗan lokaci, shi ya sa da ya kwanta ƙasa sai ya farfaɗo, galibi cikin minti ɗaya, ya kuma gane mutane nan da nan. Yana iya ɗan fizga sau biyu ko uku, wannan ba ya mai da abin farfaɗiya. Ita farfaɗiya irin babbar, daga ƙwaƙwalwa take tasowa. Mutum yakan yi ƙara, jiki ya sandare, sa'an nan jijjiga ta biyo baya na minti ɗaya ko biyu, leɓe ya canza launi, wani lokaci ya ciji gefen harshensa. Babbar alamar tana bayan an gama: ba ya dawowa hayyacinsa da wuri. Yakan rikice, ko ya yi barci mai nauyi, ya tashi da ciwon jiki da na kai. Sakin fitsari kuwa, wanda mutane suke ɗauka shi ne shaida, yana iya faruwa a duka biyun.

Akwai suma da ba a wasa da ita ko da mutum ya tashi garau. Wanda ya faɗi yana cikin aikin ƙarfi, yana huɗa a gona ko yana buga ƙwallo, ko ya suma yana zaune ba wata alama, ko ya ji zuciyarsa tana bugawa ba daidai ba kafin ya faɗi, zuciyarsa ake so a duba. In a danginsa an taɓa samun wanda ya mutu farat ɗaya da ƙuruciya, a gaya wa likita. Sai kuma masu ciwon suga. Muna roƙonku dattawa, in ikilisiya ta sa azumi, ku tuna da su. Mai shan maganin suga ko mai yin allurarsa, in ya ƙi cin abinci, sugan jininsa yana iya faɗuwa, ya kama gumi da rawar jiki, ya yi ta maganar da ba kan gado, har ya suma. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari ko lemon kwalba. In ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai, a tafi asibiti.

Abin da za mu yi in jijjiga ta kama mutum ba shi da yawa, abin da za mu daina ne ya fi yawa. A kawar da benci, wuta, ko duk abin da zai ji masa ciwo. A sa tsumma ƙarƙashin kansa. In jijjigar ta lafa, a juya shi ya kwanta a gefe domin yawu ya fita. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙora kawai ake karyawa. Kada a danne shi, kada a ɗura masa manja ko jiƙo, kada a kanga masa hayaƙi ko a kai ƙafarsa kusa da wuta. Mutum ɗaya ya duba agogo. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa kafin ya farfaɗo, ko mai juna biyu ce, ko wannan ne karo na farko, a nemi abin hawa. Wanda yake da waya mai hoto yana iya ɗaukar abin da ke faruwa domin a nuna wa likita, bayan an rufa wa mai ciwon jiki. Likita kaɗai za a nuna wa. Wanda ya tura irin wannan hoto a WhatsApp ya ci amanar ɗan'uwansa, kuma ya kamata dattawa su kira shi.

Mun san tambayar da ke zuciyar waɗansunku: to, ba aikin iskoki ba ne? A Markus sura 9 akwai yaron da ubansa ya kawo wurin Ubangiji, kuma Littafi ya ce baƙin aljani ne, ba mu musa ba. Amma ku lura da abu biyu. Uban ya ba da bayani filla-filla, irin wanda duk likita zai yi murna da shi: yadda yaron yake faɗuwa, kumfar baki, cizon haƙora, sandarewa, faɗawa wuta da ruwa. Shi kuma Ubangiji, kafin ya yi komai, ya tambayi uban tun yaushe abin ya fara. Na biyu, a Matiyu 4:24, inda aka lissafta waɗanda aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita a wurin tana da alaƙa da wata, domin mutanen dā suna zaton wata ne ke tayar da ciwon, kamar yadda har yanzu ake faɗa a ƙauyukanmu. Tun da marubucin bishara bai haɗa su a kwando ɗaya ba, mu ma kada mu yi saurin raɗa wa ciwo suna. Mu yi addu'a, i, amma ana iya yin ta a cikin mota a kan hanyar asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 50 ne suke da farfaɗiya a duniya, kuma har bakwai cikin goma za su iya rabuwa da faɗuwa in an gano ciwon daidai aka ba su magani. Ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Sau da yawa tabo ne ya rage a ƙwaƙwalwa bayan doguwar naƙuda, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko buguwar kai. Magungunanta irin su fenobabiton da kabamazafin sun daɗe a duniya. Sharaɗinsu shi ne a sha kullum, kada a tsayar kwatsam. A nan ne muke yin kuskure. Mutum ya yi wata shida bai faɗi ba, ya fito ya ba da shaida, mu tafa, shi kuma ya koma gida ya zubar da maganin. Ku yi murna da shi, amma ku ce masa likita ne zai faɗi ranar dainawa. Macen da ke shan irin wannan magani, in tana shirin aure ko ɗaukar ciki, ta gaya wa likita tun da wuri, domin akwai wanda ba ya dacewa da jariri a ciki. In an tura wani Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kada a ce ya haukace. Can ma ana duba masu farfaɗiya. Kafin ciwon ya lafa kuma, a kiyaye shi daga girki shi kaɗai, hawa bishiya, tuƙa babur, da wanka a magudanan ruwan Bakolori.

Yanzu ciwon kai. Yawancinsa ba abin tsoro ba ne: gajiya, rana, ƙishirwa, rashin barci, damuwa. Wanda yake kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan bindiga, ba mamaki in kansa ya yi ciwo. Akwai ciwon ɓarin kai da yakan zo ya tafi shekara da shekaru, da tashin zuciya da ƙin haske. Yana wahalarwa amma ba ya kisa. Akwai ma wanda maganin ne ke jawo shi. Mai shan farasitamol ko gaurayen kemis kusan kullum, fiye da rabin kwanakin wata, yana iya wayar gari maganin ya zama shi ne ciwon.

Tambayar da likita ya fi damuwa da ita ita ce: wannan ciwon kan irin wanda ka saba ne, ko sabo ne? Ciwon da ya sauko farat ɗaya kamar an buga guduma, ya kai ƙarshen zafinsa cikin minti ɗaya, yana iya zama jijiya ce ta fashe a ka. Ciwon da yake ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba, da amai ko gani biyu-biyu, yana bukatar hoto. Haka sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50. In baki ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce ta kawo kai, ko da ta saki bayan ɗan lokaci. A gidajenmu hawan jini ne babban mai jawo ta. Matasanmu masu babur kuma, ku ji wannan: mutum yana iya faɗuwa ya bugi kai, ya tashi ya karkaɗe riga ya yi dariya, bayan awa kaɗan ya fara amai da barcin da ba a iya tashinsa. Jini ne yake taruwa a cikin ƙoƙon kai. Wanda ya bugi kai kada ya kwana shi kaɗai a daren farko.

Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya, ba sai mun gaya wa mutumin Zamfara sunansa ba. Sanƙarau da ya fara a ƙaramar hukumar Zurmi a ƙarshen 2016 ya bazu cikin 2017, inda aka lissafta mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 suka rasu, jiharmu ce kuma ta fi kowace jin jiki. Mutane da yawa sun yi mamaki, domin an yi rigakafi a 2011. Amma waccan allurar ta nau'in A ce, wanda ya zo kuwa nau'in C ne. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. In an zo yin ta, ku fito da yara. Lokacinsa daga hunturu ne zuwa saukar damina, kuma yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Jariri ba zai ce wuyansa na ciwo ba. Sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka, maɗigarsa ta kumbura. In likita ya ce zai ɗebi ruwa daga gadon baya domin gwaji, kada ku hana. Da shi ake gane ciwon. Yaro mai zazzaɓi da jijjiga kuma, ko da damina ko da rani, a gwada jininsa, domin a yankin noman rani irin namu sauro ba ya tafiya hutu.

Akwai wanda har yau yake damunmu, kuma laifin namu ne. Wata 'yar'uwa mai cikin fari, wata takwas, mijinta ya zo da magariba ya ce kanta na ciwo, tana ganin walƙiya a ido, ƙafa da fuska sun kumbura. Muka je, muka yi addu'a, muka ce ta sha magani ta huta, da safe a je asibiti tun da dare ya yi. Wajen ƙarfe biyu jijjiga ta kama ta. Ita ta rayu, jaririn bai rayu ba. Daga baya wata nas ta zaunar da mu ta ce, "Baba Fasto, alamun nan uku da ka lissafta, da ka kawo ta da magariba da mun auna jininta mun yi mata allurar da ke hana jijjigar." Ba mu da amsa. Iyayenmu mata, wannan naku ne: mace mai cikin da ya wuce wata biyar, ko mai jego har zuwa arba'in, in ta ce kanta na sarawa ko ganinta ya canza, a auna jininta a ranar. In ya kai 140 bisa 90, ma'aikacin lafiya ya sani.

Abu na gaba shi ne faɗin gaskiya, da faɗin abin da muke gani kamar ba shi da muhimmanci. Ku tuna da 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, yara suka yi ta amai da jijjiga suna mutuwa. Aka yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi aiki ba. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura da yawan mace-macen a watan Maris, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake kawowa cikin gida ana daka shi ana niƙawa inda yara suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka mutu. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, an tarar ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, tun kafin nan mutanen garin sun ga agwaginsu suna mutuwa. Wa zai ce wa likita agwagwarsa ta mutu? Amma amsar tana wurin. Har yanzu ana haƙar zinariya a jiharmu, waɗansu 'ya'yanmu ma suna zuwa. In yaro yana jijjiga, a faɗi sana'ar gidan ko ba a tambaya ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In saurayi yana shan tiramol, a faɗa, domin ƙwayar kanta tana jawo jijjiga. In mutum mashayi ne ya daina kwatsam, a faɗa. In an ba shi jiƙo ko an kai shi wani wuri kafin asibiti, a faɗa, a kuma tafi da kwalbar da fankon duk maganin da ya sha. In ya yi feshin maganin ƙwari a gonar shinkafa ranar, a faɗa. In mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai da jiri, a duba ko an kwana da janareto a kusa ko garwashi a ɗaki rufe; hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. A fito da su waje tukuna. Mun ga iyaye sun ce wa likita wannan ne karo na farko, alhali yarinyar ta shekara uku tana faɗuwa, saboda tsoron kada ta rasa miji. Dattijon da aka amince masa da irin wannan sirri, ya riƙe shi daga jama'a, amma ya lallashi iyayen su buɗe wa likita.

Saura maganar hanya. Talata Mafara tana kan titin Gusau zuwa Sakkwato, amma da yawa cikin ikilisiyoyinmu suna ciki, inda ba a fita in rana ta faɗi. Ba za mu ce wa kowa ya jefa ransa cikin haɗari ba. Abin da wannan yake nufi shi ne, shawarar da wani zai yanke da tsakar dare, mu dole mu yanke ta da la'asar. In da rana ka ga zazzaɓi da ciwon wuya, ko mai ciki da ciwon kai, kada ka ce bari mu ga dare. Mai cikin da aka ce jininta ya hau, in wata ya kama, gara ta koma wurin 'yan'uwa a cikin gari kusa da babban asibiti. Mu na cikin gari kuma mu buɗe ƙofa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon kowace ikilisiya, kafin zamanmu na gaba, ta san wanda yake da mota ko babur da za a kira, ta ware ɗan kuɗin mai daga baiko a hannun ma'aji, ta kuma sayi na'urar awon jini in da hali, a ba wani ma'aikacin lafiya ko 'yar zumunta da aka koya wa. A ajiye ƙaramin littafi a majami'a. Duk ran da wani ya faɗi, wanda ya fi kusa da shi ya rubuta ranar, da lokacin, da abin da mutumin yake yi, da minti nawa ya ɗauka, da yadda ya farfaɗo, a yage takardar a ba mai raka shi asibiti. Shi mai rakiyar kuma ya zama wanda ya gani da idonsa, ko da tsohuwa ce, ko da yaro ne. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu za su tsaya bayan addu'ar rufewa domin nuna yadda ake kwantar da mutum a gefe da yadda ake ɗaura na'urar awon jini. Kowace ikilisiya ta bar mutum biyu, namiji da mace.